Launin Cikin Motar Baldomero

A Punta Arenas iska ba ta yin sallama.
Ta ƙarƙashin ƙofar gareji take shigowa,
ta ɗaga jaridun da na shimfiɗa a tebur.
Na danne su da sifana da tsohon batir.

Abin da zan fenta bai wuce tafin hannu biyu ba:
mazaunin kofi na roba, baƙi wuluk,
da na sayo wa mahaifina, Baldomero,
saboda hannunsa ya fara rawa,
shayin safe na zubo masa a cinya
duk sanda tasi ta faɗa rami.

Ya ɗora shi kusa da giya, ya ja baya, ya dube shi.
"Nelda," in ji shi, "ƙuda kika sa mini a nono."
Cikin motarsa ruwan ƙasa ne mai haske.
Shekara ashirin da uku yana zaune a cikin launin nan.

Na kwafi lambar da ke jikin ƙofa,
na kai wa Cárcamo mai shagon fenti.
Ya buɗe littafi, ya auna, ya girgiza,
ya ce ga launin kamfani, ko ɗigo bai kuskure ba.

Wanki da sabulu tukuna,
don roba na ɓoye maiƙo kamar mai riƙon zuciya.
Samfefa mai laushi, a hankali, har ƙyallin ya mutu.
Shafin farko, wanda ke sa fenti ya kama.
Sai jira.
Sanyin garin nan ba ya barin komai ya bushe.
Na kunna hita, na tsoma gwangwani a ruwan ɗumi
kamar mai ɗumama wa jariri madara.
Feshi daga nesa, taƙi ɗaya,
sama-sama, sau uku.
Mai gaggawa ne ke ganin fenti yana hawaye.

Kwana biyu, na kai shi mota.

Bai dace ba.

Launin kamfani ne, babu musu,
amma motar ta daɗe da barin kamfani.
Rana ta lashe gabanta ta cikin gilashi,
hayaƙin tabar da ya daina tun ina makaranta
har yau yana kwance a rufi,
gwiwar hannunsa ta cinye gefen ƙofa,
gishirin teku ma ya sa nasa hannun.
Na durƙusa, na haska ƙarƙashin kujera,
can na tarar da launin Cárcamo a ɓoye, sabo fil,
kamar hoton Baba da gashinsa duk baƙi.

Na koma gareji da cokulan roba bakwai.
Ɗigon fari. Ɗigon ruwan ɗorawa.
Ruwan toka, ɗan mitsitsi, a bakin tsinken ashana.
Kowane cokali da haɗinsa.
Na farko ya cika yarinta,
na huɗu ya yi kama da ciwo.
Na jera su a gaban sitiyari da hantsi,
Baba ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa,
ya ɗauki na shida.
"Wannan ya sha hanya," in ji shi.

Ran Litinin ya fita aiki tun duhu.
Da dare na tambaye shi, yaya?
Yana cire takalmi, bai ɗago ba.
"Fasinja goma sha tara," ya ce,
"babu wanda ya lura da shi."
Na dubi wandonsa: a bushe.

Ragowar haɗin na zuba a kwalbar zuma,
na liƙa takarda, na rubuta wata da shekara,
ko da yake na sani
in baɗi na buɗe ta,
motar ta riga ta yi gaba,
da mai tuƙa ta.